Akori-kurar Kumai a Harabar Kotu

Kullum da safe yana zuwa harabar kotu a Kafanchan, dattijo mai furfura, da tsumma a kafaɗa. An ce sunansa Kumai. An kama shi yana zabga gudu a hanyar Manchok, ya share sammaci, bai biya tara ba, har aka ƙwace motarsa ana tsakiyar jigilar citta.

Tayoyi sun sace, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashi, amma yana goge gilashin tsaf. Sannan ya hau ya tada inji don kada batir ya mutu. Wataƙila a gida ya ce ya tafi aiki.

Ɗan sandan da ke gadi ya leƙo. "Baba, yau sai ina?"

Ya shafa sitiyari. "Nan ɗin dai, ɗana."