Jirgin da Baba Ya Tuƙa a Gindin Mangwaro

Babanmu direban jirgin ƙasa ne a Kafanchan, tun lokacin da kukan jirgi ne agogon gari. Da tsufa ya kama shi, sai ya fara mance mu ɗaya bayan ɗaya. Ni autarsa guda, har "sannu, baƙuwa" ya ce mini. Allah ya sani, abin ya ci mini rai, ba abin da nake so kamar ya gane ni.

Lokacin ina aikin gama jami'a. Na ƙera jirgi cikin kwamfuta, da direba da mataimakinsa, don a ga yadda gajiya da gyangyaɗi ke jawo musu kuskure. Mama ta ce, "Jirgin da ba ya ɗaukar ko buhun citta? Kayan wahala!"

Wata Lahadi bayan sujada na zauna kusa da Baba a gindin mangwaro, na kunna kwamfutar. Hadari na lilo a kan dutsen Kagoro, iska na kawo ƙamshin ƙasa. Jirgina ya kama hanyar Manchok a hankali, kamar mai tafiya cikin barci. Sai koriyar fitila ta bayyana gefen layin dogo.

"Kore!" in ji Baba, da wata murya da na rabu da ji tun ina ƙarama. Ya karkata kunne, yana jira.

Mama da ke gefena ta mintsine ni. "Ke, amsa mana! A aikinsu in direba ya kira launin fitila, dole mataimaki ya maimaita, a san barci bai sace kowa ba."

Ashe mutanena na kwamfuta bebaye na yi su.

"Kore, direba," na ce.

Haka muka yi ta tafiya, yana kira ina amsawa, hannunsa na jan birkin da babu shi. Ni kam har na ji tabarma na rawa a ƙarƙashina, duwatsu na wucewa, yara na ɗaga mana hannu daga gonakin acca.

Da jirgin ya tsaya, ya dube ni sosai.

"Yarinya, kin iya aiki. 'Yar gidan wa ce ke?"

"'Yar direba ce, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya yi murmushi.

"To, ki gaishe shi. Ki ce masa ya haifi 'ya."