Sista Clara da Gayyar Citta

Kowace Talata, tun kafin a share barandar asibiti, Sista Clara Kumai ta riga ta tafasa kayan aikinta, ta jera ƙananan gilasai a kan farin ƙyalle. Matan ƙauyukan da ke kewaye da Kafanchan sukan shiga ɗakinta ɗaya bayan ɗaya. Takan lakato ɗan abu daga bakin mahaifa, ta shafa a gilashi, ta rubuta suna da ƙauye. Ranar Alhamis kuma ta rungumi akwatin gilasan, ta shiga mota zuwa babban asibitin birni, inda ake duba su. Sakamako kan ɗauki mako shida. Haka ta yi tun daga 1987 har zuwa watan jiya da ta yi ritaya, shekara goma sha ɗaya ke nan.

Ba wanda ya ɗora mata wannan aiki. Kwas ta je, ta karanta binciken likitoci da ya nuna cewa ciwon dajin bakin mahaifa ba ya faɗa wa mace rana ɗaya. Yakan daɗe yana nuna alama kafin mace ta ji wani ciwo, kuma idan aka gano shi a lokacin ana iya cire shi. Ta dawo gida tana zaton kai wa mace wannan labari ya wadatar. Angelina ce ta nuna mata bai wadatar ba.

Angelina manomiyar citta ce a wani ƙauye bayan Gidan Waya. A Nuwamban 1989 sakamakonta ya dawo: ciwon ya fara, amma bai yi nisa ba. Sista ta hau babur ta iske ta a gona.

"Sista, dubi jikina fa," in ji Angelina, tana dariya. "Ni da nake ɗaukan buhu? Ba inda yake mani ciwo."

"Shi ya sa nake so ki tafi yanzu, Mama, tun bai fara ba."

"To citta fa? Ke za ki tona mani? Bari in gama. Bayan Kirsimeti ni da kaina zan zo."

Bayan Kirsimeti sai tsaga citta da shanya. Bayan shanya sai bikin ɗiya, sannan ruwa ya sauka, aka koma shuka. Sau uku Sista tana komawa, sau uku ana ba ta ruwa da alkawari. Da Angelina ta zo, ɗauko ta aka yi. Likitocin birni suka ce lokacin tiyata ya wuce. Ta rasu tana da shekara arba'in da ɗaya, ta bar yara biyar.

Sista ba ta taɓa ɗora wa marigayiyar laifi ba. Abin da ta ce mini shi ne: "Malama, ni ɗiyar manomi ce. Na kai mata takarda, ban dubi gonar ba." Ta san cewa a nan mace ba ta barin citta a ƙasa don ciwon da ba ta ji ba, domin amfanin shekara guda ne na dukan gida.

Bayan shekara uku, a daidai lokacin tono, sakamakon Hephzibah, ƙanwar Angelina, ya dawo da irin wannan labari. A wannan karon Sista ta fara zama da Hephzibah su biyu, ta nemi izininta ta nemo hannu. Daga nan ta je wurin zumuntar mata ta majami'a, ta kuma je kasuwa wurin Hajiya Raliya, mai sayen citta, wadda ke da mata masu yi mata tsaga. Ranar Asabar muka isa gonar mu talatin da wani abu, masu ɗankwalin zumunta da masu mayafi, kowa da fartanya ko wuƙa. A waɗancan shekarun, saboda rikicin addini, ba kowa ke sakin jiki ya shiga unguwar wani ba, amma Hajiya ta ce citta ba ta tambayar wa ya tone ta.

Gregory, mijin Hephzibah, ya tare mu a bakin gona. "Sista, mace yana nan lafiya, ki ce a je a yanka shi? Wa zai riƙe mani gida?"

Hajiya Raliya ta riga Sista amsawa. "Gregory, kai dai ka ce ba ka iya tuƙa tuwo ba. Mijin yayarta yau shekara nawa yana tuƙawa?"

Ba wanda ya yi dariya. Gregory ya sunkuyar da kai, ya matsa gefe. Cikin kwana uku aka tone gonar, aka wanke, aka tsaga, aka shanya. Ranar Alhamis Hephzibah ta shiga mota kusa da Sista, akwatin gilasai a tsakaninsu. An yi mata tiyata. Tana nan da ranta, bara ta ga jikanta na fari.

Daga nan gayyar citta ta zama rabin aikin Sista. Amma ba zan yi wa masu karatu daɗin baki ba: waɗanda ta binne sun fi waɗanda ta ceto yawa. Wasu sun zo a makare, bayan an gama da jiƙe-jiƙe. Wasu an ce sai na'urar gasa ciwon daji, ita kuwa tana can nesa, tafiyar kwana guda. Irin waɗannan, Sista ce ke zuwa ta wanke su, ta sauya musu tsumma, a lokacin da wari ya kori har 'yan'uwa daga ɗaki.

Sista Clara, ke ce mai bin mace har gona. Ke ce kika gane cewa binciken masana ba ya isa ga mace sai an sauke mata kayan da ke kanta. Ba a ba ki lambar yabo ba, sunanki bai shiga kowace mujalla ba. Allah da ke ganin abin da aka yi a ɓoye Ya saka miki, Ya ba ki hutu mai albarka. Mun gode.

A taron sallamarta, Hephzibah ta kawo mata kwanon busasshiyar citta. Sista ta karɓa, ta yi godiya, sannan ta tambayi manyan da ke wurin abu ɗaya: "Ranar Alhamis wa zai ɗauki akwatin?" Ba a samu mai amsawa ba, kuma har yau da nake wannan rubutu ba a samu ba.

Saboda haka nake roƙon 'yan matanmu masu karatun jinya, wata a cikinku ta ɗauke shi. Mu kuma sauran, idan aka kawo wa maƙwabciya takarda tana tsakiyar tono, kada mu ce mata ta gama tukuna. Mu karɓi fartanyar daga hannunta, mu sa ta a mota. Cittar Angelina ta yi kyau a waccan shekarar, kowa ya yaba. Ga gonar can har yanzu, babu mai ita.