Ɗakin Asabe a Wuyan Dutse

Garinmu a gindin dutse yake, can kudancin Bauchi, inda rana ke ɓuya tun kafin kaji su shiga akurki. Idan aka gama cin tuwon acca, Kaka Saratu, mahaifiyar babanmu, takan ja kujerarta kusa da murhu, ta tura rizga cikin toka mai zafi. Mu jikokinta sai mu kewaye ta. Ba ta buɗe labari yadda sauran tsofaffi suke yi. Sandarta take bugawa a ƙasa, ta ce, "Mai jin barci ya tashi tun yanzu, ni ba na maimaitawa."

Amma akwai labari ɗaya da ta yi ta maimaita mana, labarin ɗakin Asabe.

Ta ce a zamanin da babu titin mota, duk mai zuwa kasuwa ko fita neman aiki sai ya hau dutsen nan ya sauka ta ɗaya gefen. Asabe tana da 'ya'ya mata uku da namiji ɗaya, Tanko. Da ya zama saurayi sai ya bi abokansa haƙar kuza a Jos. Ta raka shi har wuyan dutse, inda hanya ta rabu. Ya ce mata, "Iya, kafin a girbe dawa sau biyu zan dawo miki da zane da tukunyar ƙarfe."

Aka girbe dawa sau biyu, aka girbe sau biyar. Abokansa suka dawo ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya san inda ya nufa. Asabe ta fara hawa wuyan dutsen tana tare matafiya da tambaya. Ta lura ba sa tsayawa, don wurin ba inuwa, ba ruwa, in damina ce kuma ruwan sama ya yi musu duka. Sai ta shiga tara duwatsu. Ita da 'ya'yanta suka jera su har suka kai kafaɗa, suka yi jinka da ciyawa, ta kafa randa a ƙofa. Fatake masu jakuna da mata masu tallan daddawa suka fara yada zango a wurin. Kowa ya sha ruwa, sai ta ce, "Ɗana, a inda ka fito, ko ka ji labarin wani Tanko mai wushirya?"

Shekaru suka tafi, idanunta suka yi hazo. Wata yamma wani mutum ya iso, ramamme, yana tari, ba kaya a kansa. Ya zauna a bakin ƙofa. Ta ba shi ruwa, ta dama masa kunu. Ta yi masa tambayar da take yi wa kowa. Ya ce, "Na san shi. Yana nan lafiya, yana da gida da shanu. Aiki ne ya riƙe shi."

Asabe ta ce, "To, in ka koma ka ce masa ba zane nake jira ba." Ta cire mayafinta ta lulluɓa masa, ta sauka gida. Da gari ya waye ta hau da ɗumame, ta tarar da mayafin a ninke a kan randa. Bayan wata biyu labari ya zo cewa wani baƙo ya rasu a wata kasuwa mai nisa, kafin ya cika ya faɗi sunan garinmu da sunan uwarsa.

A nan kullum muke rikicewa. "Kaka, ta gane shi?"

Sai ta tono rizga daga toka, ta yi ta hura ta. "Muryar ɗanta ce fa. Ta gane shi tun daga sallama."

"To me ya sa ba ta riƙe shi ba?"

"Ta ga kunya ta rufe shi. Ta ce bari ya kwana, da safe ya faɗa da bakinsa. Wannan jiran ne ya ci ta har ta mutu."

Ina da shekara goma sha huɗu Kaka ta ce in raka ta neman ganyen magani, muka hau har wurin. Jinka ta daɗe da zubewa, titi ya zagaye dutsen, ba mai bi ta nan sai makiyaya. Ta dafa wani dutse a bangon ta ce, "Wannan ni na ɗauko shi daga rafi." Ranar na san Asabe mahaifiyarta ce, Tanko kuma ƙanenta.

Yau shekarata bakwai a Dubai. Na zo da alkawarin aikin ofis, na ƙare ina gyaran gadaje a wani otal a unguwar Al Rigga, ina kwana a unguwar Abu Hail, mu shida a ɗaki ɗaya. Duk Kirsimeti nakan ce wa Mama baɗi zan zo. Hoton da nake tura musu a gaban manyan gine-gine nake ɗauka, bayan na cire rigar aiki. Bara Kaka ta kwanta ciwo. Aka kara mata waya a kunne, ta ce, "Rifkatu, yaushe?" Na ce, "Kaka, saura kaɗan, in gama shiri." Na kalli jana'izarta a waya, a tsaye cikin ɗakin ajiye tawul, mai kula da mu tana ƙwanƙwasa ƙofa tana cewa yalla, yalla, wato in yi sauri.

Watan jiya matan cocinmu suka ɗauki bas zuwa garin Hatta, cikin duwatsu. A hanya direba ya nuna mana wani ɗan ɗaki na duwatsu jerarru, ba rufi, ya ce matafiyan da ne ke hutawa a ciki da dabbobinsu. Mata suka sauka ɗaukar hoto. Ni na kasa tashi daga kujera.

Muna yara, mun ɗauka Kaka tana koya mana kyautata wa baƙo ne. Sai a cikin bas ɗin nan na gane da wa take magana. Ta san wasu cikinmu za su hau dutsen su tafi, kuma ta san abin da ke hana mutum saukowa.

Da muka dawo da yamma na kira Mama. Na faɗa mata aikin da nake yi, da ɗakin da nake kwana, da cewa ban tara abin da zan nuna wa kowa ba.

Da na gama ta ce, "Mun daɗe da sani, 'yata. Kakarki ce ta hana mu tambayarki. Ki zo haka nan."