Injin Ɓarar Gyaɗar Kakanmu

Gyaɗa na ta tashi sama tana zubowa kamar ƙanƙara, ni kuma ina tsaye a tsakar gidanmu na Toranke da sifana a hannu.

Marigayi kakanmu maƙeri ne, daga Damagaram ya zo. Shi ya ƙera injin ɓarar gyaɗar nan da wilin tsohon keke, da hannu ake juyawa. Jiya na ce ai ni jikansa ne, na jona injin nasa da injin ban ruwa.

Kakata Hajiya ta leƙo, ta ga kajin maƙwabta suna ta wawa.

"Maigida, da guduma ɗaya kakanka ya shigo garin nan, ya ciyar da mu duka. Kai ma ga shi ka ciyar da kaji."

Har yanzu shara nake. Ku me kuka gada a gidanku, ban da suna?