Gafakar Kaka da Kunnen Abba

Ko da ladan ya yi kiran asuba ranar Litinin ɗin nan, ni na riga na goya Abba ina tsaye a tsakar gida. Tun da na dawo kuke ta tambayata a waya me ya kai ni Gashuwa da yaro a baya. To bari in ba ku labarin gaba ɗaya in huta da maimaitawa. Ku yi haƙuri da rubutuna, a firamare na tsaya.

Abba shi ne ɗana na fari. Ya haura shekara biyu da rabi, amma ko "Mama" bai taɓa cewa ba, alhali sa'anninsa a layinmu har ƙarar juna suna kaiwa. Abin yana cina, ko abinci ba na jin daɗinsa. Surukata, Hajiya, ta ce harshensa ne a ɗaure, kuma maganin yana cikin gida. Akwai wata gafaka, jakar fata ta littafi, da suka gada daga kakan kakan maigidana, wani Bakano da ya je karatu Barno ya dawo da ita, kafin fatauci ya zaunar da zuriyarsa a Nguru. Cikinta tsofaffin takardu ne warwara, ba ɗinki. Al'adar gidan ita ce, in yaro ya kwanta ciwo mai tsanani, sai a zari ganye ɗaya a jiƙa a ruwa, a ba shi tawadar ya sha don albarkar hannun wanda ya rubuta. Maigidana ma an jiƙa masa ɗaya da ya yi ƙyanda. A cikinsu akwai wani ganye mai zane, da'ira cikin da'ira. Hajiya ta ce hatimin buɗe baki ne, sai dai tana son wanda ya iya tsohon rubutun Barno ya tabbatar, ya kuma faɗi yadda ake sha. Shi ya sa ta tura ni wajen wani Goni, babban malami, a Gashuwa, tare da yayar maigidana, wadda nake ce wa Yaya.

Mun isa tasha gari bai gama wayewa ba. Kuɗin mota ya kusa ninka abin da na sani kafin in haihu. Yaya ta tsaya ciniki da kamasho har ta tuna masa ta san uwarsa, duk da haka bai rage ko sisi ba, sai dai ya ba mu gefen taga. Na sayi ƙosai mai zafi da kunu. A bayanmu akwai wani dattijo da nannaɗaɗɗun tabarmin kaba, a gefenmu wata mata da kaza a cinya. Gafakar na naɗe ta a zani na rungume, don Hajiya ta ce kada a saka ta a but ɗin mota da kayan mutane.

Wanda bai bi hanyar nan bayan damina ba, bai ga ruwa ba. Dama da hagu fadama ce shimfiɗe, wani wurin ciyawar kacala ta cinye ruwan har ba ka ganinsa, wani wurin shinkafa ta sunkuyar da kai ta fara ja. Goruba tsaye rukuni-rukuni. Fararen tsuntsaye kuwa ba a magana. Direba ya ce waɗannan ba komai ba ne, mu je Dagona mu ga waɗanda suke zuwa daga ƙasar Turawa ba fasfo ba biza. Kwalta wani wuri sumul, wani wuri sai ka riƙe haƙoranka.

A Jajimaji muka tsaya sauke dattijon da tabarminsa. Muna nan sai tayar wata babbar mota ta fashe dab da mu. Kowa ya ɗauki salati, kaza ta tashi ta sauka a kan direba, ni kaina sai da kunun ya zube mini a hijabi. Na duba Abba a cinyata. Yana nan yana ɓare ƙosansa, ko ƙifta ido bai yi ba.

Yaya ta yi dariya ta ce, "Kin ga namiji. Zuciyar ubansa ce."

Na yi murmushi don kada ta ga fuskata. Ba ranar na fara ganin irin wannan ba, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Gashuwa ƙamshin banda ne ya fara tarbarmu kafin mu ga garin. Kifi a kwali, kifi a kwando, kifi a kan babur. A cikin keken da ya ɗauke mu na ji gaisuwa da harshe uku, ban gane ba sai "wushe" ta Barebari. Gidan Goni yana wani lungu kusa da kogi. Tsoho ne siriri, idonsa ya yi rauni, saboda haka 'yarsa ce take zama kusa da shi tana riƙe masa takarda. Ita malama ce, tarihi take koyarwa a jami'a. Kafin a buɗe komai sai da suka sa muka ci burabusko da miyar kifi. Yaya ta ce ta ƙoshi, sannan ta ƙara sau biyu.

Goni ya wanke hannu ya goge sosai, ya kwance gafakar. Ya daɗe yana juya ganyayen a hankali, bakinsa yana motsi. Malama ta ɗaga ɗaya ta saitin ƙofa ta ce in leƙa. A cikin jikin takardar, ba da tawada ba, sai ga jinjirin wata guda uku a jere. Ta ce alamar masu yin takardar ce, daga can bayan teku, raƙuma suka ratso hamada da ita. Goni ya ce wasu ganyayen sun girmi wanda ya kawo su nesa ba kusa ba. An kwafe su tun Birnin Gazargamu yana cike da mutane, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kuma ba littafi ɗaya ba ne, guntaye ne na littattafai daban-daban.

Yaya ta zaro mai da'irar ta miƙa masa. "Allah gafarta Malam, wannan muka zo a kai. Da safe ake sha ko da yamma?"

Ya kai shi kusa da idonsa, sai ya yi 'yar dariya. "Baiwar Allah, in kuka ba yaron nan wannan, sai dai ya tashi yana faɗa muku ranar da damina za ta faɗi. Wannan masaukan taurari ne."

Ya nuna mana da ɗan yatsa. Kowane gida a da'irar tauraro ne da lokacin fitowarsa, wanne ke zuwa da zafi, wanne da ruwa, yaushe ake shuka. A gefe akwai ƙananan rubutu a karkace, da wata tawada dabam. Ya ce wani mai karatu ne ya ƙara, yana cewa littafin ya faɗi kaza, amma shi ya duba sama shekara da shekaru a ƙasar nan ya ga ruwa yana makara a kan haka. Malama ta ce a wancan zamanin haka duniya take ciki. A ƙasar Turawa ma lokacin ne wasu suka fara goge gilashi suna leƙen taurari, suna musu da abin da suka tarar a littattafan magabata, wasu kuma suna gardama a kan inda ikon sarki ya tsaya.

Goni ya ce wannan gardamar ma ga ta nan. Ya ɗago wasu ganyaye, ya ce nasiha ce ga mai mulki: kada ya bar fadawa su zama kunnensa, ya zauna inda talaka zai iya iso shi, kuma dukiyar baitulmali amana ce a hannunsa.

Yaya ta ce, "To wannan shi ya kamata a jiƙa. A cika jarka a kai sakatariya."

Har Goni sai da ya yi tari don dariya. Amma da ya zo wani wuri sai ya tsaya, yana neman ci gaban maganar bai samu ba. Ya tambaya ko akwai sauran ganyaye a gida. Yaya ta sunkuyar da kai ta ce ƙanenta ya sha ɗaya, wani kawunsu ma ya sha ɗaya. Bai yi faɗa ba. Ya ce Allah ya ba su lafiya ai, sai dai su ma ba su san me suka sha ba. Abin da ya rage a wurin, in ji shi, muhawara ce ta malaman tauhidi: shin ya isa mutum ya ce "haka na ji manya suna faɗa", ko kuwa wajibi ne ya yi amfani da idonsa da hankalinsa ya kai ga dalili? Ya ce mai wannan rubutun yana ɓangaren masu cewa hankali baiwa ce da za a tambayi mutum a kanta, malami ne shi ko ba malami ba.

Ni ban san tauhidi mai zurfi ba, iyakata Islamiyya. Amma maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Sai na ce, "Baba, ni ma akwai abin da na gani."

Na faɗa masa duka. In na kira Abba ta baya ba ya waiwayowa, sai na taɓa shi. In ana daka yana barci ba ya farkawa, amma in yana zaune a ƙasa kusa da turmi yakan dafa ƙasa yana dariya. Bara kunnensa ya yi ta zubar da ruwa, muka ɗiga man zafi ya tsaya. Ga kuma tayar Jajimaji.

Yaya ta ɓata rai. "Ke Maman Abba, wace irin magana ce wannan? A gidanmu ba a taɓa haifar kurma ba. Taurin kai ne kawai."

Goni ya ajiye takardar. Ya ce a zaunar da yaron ya ba mu baya. Malama ta ba shi murfin kwalba yana wasa, sannan ta saki tasa a kan siminti ta hagunsa. Bai motsa ba. Ta koma dama, ta matso kusa, ta buga tasar da cokali. Sai ya ɗan karkata kai, kamar wanda ƙuda ya wuce masa. Yaya ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta.

"Addu'a zan yi masa yanzu, kuma zan ci gaba," in ji Goni. "Amma takardar nan ba za a jiƙa ta ba. Ku tashi ku je asibiti tun rana ba ta yi ba. Ke kuma 'yata, abin da kika faɗa mini, haka za ki faɗa wa likita, kada ki rage."

Malama ce ta raka mu. Mun sha layi. Likitan ya haska kunnuwan biyu, ya ce akwai tsohon ciwo da bai warke ba, jinsa ya ragu ƙwarai, amma ga alama na dama bai tafi duka ba. Ya ba da magani, ya hana mu ɗiga komai, ya ce mu sa rana mu je babban asibiti a auna jin da na'ura. Ya ce gara da aka zo yanzu. Bai yi mini alkawarin komai ba, ni ma ba zan yi muku ƙarya in ce na daina tsoro ba.

Da la'asar muka kamo hanya, da ƙullin banda na tsaraba. Yaya ba ta yi ciniki da kowa ba. Wajen Jajimaji ta karɓi Abba daga hannuna ta ɗora a cinyarta, ta juyo da kunnensa na dama wajen bakinta tana yi masa waƙa har muka shiga Nguru.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na tafi neman abin da zan zuba wa ɗana a baki, alhali wata da watanni ina ganin abin da ke damunsa, kunyar surukai da tsoron sunan da za a sa masa suka hana ni magana. Mutanen da suka rubuta takardun nan sun duba sama sun faɗi abin da suka gani, ko da ya saɓa wa littafi. Ni tsakar gida kawai aka ce in duba.

Ni da bakina na faɗa wa Hajiya, ban bar wa Yaya ba. Hajiya ta saurare ni har na gama. Ta karɓi gafakar ta ƙirga ganyayen da ido, ta sa a can ƙasan akwati ta kulle. Sannan ta sauko daga gado da ƙyar, da gwiwarta mai ciwo, ta durƙusa a gaban Abba har fuskarsu ta daidaita. Ta kama haɓarsa ta ce da ƙarfi, a hankali, "Maigidana, ashe ba share ni kake yi ba."

Ya zuba wa bakinta ido. Sai ya ɗaga hannu ya ɗora yatsunsa a kan leɓenta, yana jira ta sake.