Kyaftin Ya Tafi, Ya Bar Malam Jinkiri

Mai abu ya karɓi abinsa, kuma gare Shi dukanmu za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da misalin ƙarfe biyu da rabi na rana, Allah ya yi wa ƙanena rasuwa a ɗakin wankin ƙoda na babban asibiti, bayan jinyar wata bakwai. Shekararsa talatin da takwas. Ya bar mahaifiyarmu, da matarsa, da 'yan biyunsa mata, da ni. Duniya ta san shi da Kyaftin, mai zanen barkwanci mai motsi da murya na intanet, kuma tun kafin mu dawo daga maƙabarta dubban mutane sun rubuta cewa shi ke sa su dariya. Ba su yi ƙarya ba. Ni ne wanda ake yi wa dariyar. A rubuce zan yi maka magana, Kyaftin, domin ka san in'ina ba ta barina in kai ƙarshen zance da baki.

Ni na raɗa maka wannan suna. Babanmu mai gyaran rediyo da talabijin ne, kuma duk Asabar da yamma yakan kunna ɗaya daga cikin waɗanda ya gama gyarawa, ya ce gwaji yake yi. A nan muka san tsohon shirin nan na jirgin da ke ratsa taurari, da ma'aikatansa bakwai, da ƙofarsa mai buɗe kanta, da mutum-mutumin ƙarfe mai hango haɗari tun daga nesa. Ba ma jin harshen da suke yi, sai kai ka riƙa ƙirƙiro musu magana, har masu jiran karɓar kayansu su manta da abin da ya kawo su. In an gama ka shiga kwalin talabijin ka ce jirginka ne, kai ne kyaftin. Ni kuma na zaɓi mutum-mutumin, saboda shi ne mai ƙarancin magana.

Zan fara da alherinka, domin akwai shi, kuma ni shaida ne. Ina shekara goma sha huɗu kana goma, wasu samari uku suka tare ni a bakin famfo suna kwaikwayon maganata. Ka ajiye bokitinka ka afka musu. Sun yi maka duka har haƙorinka na gaba ya karye, ba ka kuwa taɓa gyara shi ba har ka koma ga Allah. Da Inna ta tambayi abin da ya faru, ka ce faɗuwa ka yi. Akwai kuma tsohon makahon nan na ƙarshen layinmu, wanda shekara biyu kana zuwa kana zayyana masa abin da ya faru a shirin, har ya riƙa tambayarka ko jirgin ya isa gida. Da ka girma ka yi suna, kai ne ka kwashe mako uku kana zana taurari da duniyoyi a bangon ɗakin yara na asibitin da ka rasu a cikinsa, ba ka bari an rubuta sunanka a jiki ba. Ranar da aka sallamo Inna bayan aikin ido, a bayanka ka goyo ta har hawa na uku. Waɗannan duka gaskiya ne, Allah ya sa su a mizaninka.

Zanenka na farko ya ba ni dariya har da hawaye. Ka mai da jirgin taurari tsohuwar motar haya mai zafin inji. Ƙofar da ke buɗe kanta a shirin asali ta zama sai an yi mata hauri. Kyaftin yana faɗa da kwandasta a tsakiyar sararin sama, fasinja suna rantsuwar ba za su sauka su tura ba. Duk wanda ya tashi da wancan shiri ya gane abin da kake tsokana, yara kuma da ba su san shi ba suka je suka nemo shi. Na tura wa kowa a makarantarmu, ina cewa ƙanena ne.

A zane na goma sha biyu ka shigo da mutum-mutumin. Ka sa masa suna Malam Jinkiri. Ka ba shi tabarau irin nawa, da alli a aljihun gaba, da ɗabi'ata ta dukan cinya in kalma ta maƙale. Aikinsa ya yi gargaɗi, amma kafin ya gama faɗa motar ta riga ta daki dutsen sama. A wannan zanen yana ƙoƙarin cewa babu birki, sai ya tsaya yana ba, ba, ba, har kowa ya tarwatse. Na saurara sau uku. Ba kwaikwayo ba ne, muryata ce. Can ƙasa da ita akwai ƙarar tayar gadon asibiti, a nan na gane inda ka yanko ta. Saƙon murya ne da na tura wa dangi ranar da Babanmu ya cika, ina tsaye a baranda ina ƙoƙarin cewa Baba.

Na same ka a ɗakin aikinka, kai da mai haɗa maka sauti. Shi ya sunkuyar da kai ya fita. Kai kuwa ka juyo da kujera kana murmushi da karyayyen haƙorin nan.

"Haba Yaya, wasa ne fa. Ai na mai da kai tauraro."

Na kai ƙara wurin Inna. Ta ce in yi haƙuri, babba juji ne, kuma da wannan sana'ar kake ciyar da iyalinka. Na bar maganar. Malam Jinkiri ya fito a zane sittin da ɗaya bayan wannan.

Ban taɓa gaya maka yadda ta kasance a makaranta ba. Shekara goma sha bakwai ina koyar da lissafi, ɗalibai sun saba da ni, sukan jira in gama. Bayan zanenka suka daina jira. In na juya allo sai in ji ana dukan cinya daga bayan aji. Wata safiya na tarar an zana mutum-mutumin a allo da allina. A taron iyaye na tashi zan yi bayani a kan jarrabawa, wani uba mai furfura ya ce a hankali, babu birki, zauren ya ɗauka gaba ɗaya. Bayan mako biyu shugaban makaranta ya kira ni, ya ce don mutuncina ne, ya mayar da ni ɗakin ajiyar littattafai. Shekara biyar ke nan ina buga hatimi a bangon littafi. Duk wannan lokacin muna haɗuwa a gidan Inna, muna cin abinci a faranti ɗaya, kana tambayata yaya aiki, ina cewa da godiya.

Sai ƙodarka ta gaza. Na ga yadda ƙafafunka suka kumbura, yadda hannun da ke zane ya kasa riƙe cokali. Likita ta ce wanki ba zai riƙe ka ba, sai dashen ƙoda. Matarka, Maman 'Yan Biyu, ta yi gwaji, ba ta dace ba. Mai haɗa maka sauti ya yi, bai dace ba. Ni ma na yi. Ranar ashirin da uku ga Fabrairu likitar ta kira ni ofishinta ni kaɗai, ta ce tawa ta dace da kai kamar an auna. Ta ce wannan sirrina ne, ba za a gaya wa kowa ba sai da izinina, in je in yi shawara da kaina.

Daga ofishinta ɗakinka na wuce. Kana kwance, na'ura tana jan jininka tana mayarwa. Na zo ne da niyyar in gaya maka, Allah ne shaidata. Amma na ce bari in fara roƙon abu guda. Na ce ka cire Malam Jinkiri daga intanet, ko da na goma sha biyun ne kawai. Na daɗe kafin in kai ƙarshe, kana kallona da idanu jajaye. Sai ka ɗaga hannun da ba allura a jiki, ka daki cinyarka sau biyu.

"Ya, ya, ya Yaya, in ci, ci, cire me?"

Majinyacin gadon kusa ya yi dariya har ya sarƙe. Kai ma ka yi, ka ce in kwantar da hankalina, in ka warke za mu yi magana. Na gyara maka bargo, na ce Allah ya sauwaƙe, na fito. A baranda Maman 'Yan Biyu ta tambaye ni sakamakon gwaji. Na ce bai fito ba.

Kwana goma sha tara na riƙe wannan magana. Kullum ina zuwa duba ka bayan an tashi daga aiki, ina kawo maka 'ya'yan itacen da likita ta yarda da su, ina zama ina kallon ramarka. Ba zan ce ruɗewa na yi ba, kuma ba tsoron wuƙa ba ne. Na san abin da nake yi. So nake ka jira. So nake ko sau ɗaya a rayuwarka ka zauna kana jiran kalma daga bakina, ba ka yi dariya ba. A kwana na goma sha takwas 'yan biyu suka zo da takarda sun zana ka a cikin jirgi, ka kasa ɗaga kai ka duba. A ranar na je na sa hannu. Aka ce in dawo Alhamis a fara shiri. Ka rasu Talata.

Likitar ta gaya mini cewa ƙwayar cuta ce ta shiga jininka, kuma ko da na amince tun ranar farko, da wuya a ce an kai ga aikin kafin haka. Da wuya ta ce, ba ta ce ba zai yiwu ba. Ni malamin lissafi ne, na san tazarar da ke tsakanin maganganun biyu, kuma ba zan fake da bakinta ba.

Da liman ya roƙi jama'a su yafe maka, na motsa leɓe, ban san abin da ya fito ba. A zaman makoki wasu matasa masu son zanenka suka zo, suka yi addu'a da hawayensu na gaskiya. Da za su tafi ɗaya ya gane tabarau ɗina, ya matso cikin ladabi, ya ce ko zan yarda su ɗauki hoto da Malam Jinkiri, don tunawa da kai. Na tsaya suka ɗauka.

Yanzu na yafe maka, Kyaftin, duniya da lahira, kuma na san yafiyar da aka yi wa wanda ke cikin ƙasa ba ta da tsada. Tawa ce mai wuya, domin wanda zan roƙa ba ya nan. Ya Allah Ka jiƙan ƙanena, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka duba makahon da ya zauna da shi da uwar da ya goya, kada Ka kama shi da abin da ya yi mini. Ka raya 'ya'yansa, Ka ba su abin da ya fi na hannun mutane.

Ina miƙa ta'aziyyata ga abokan aikinsa da duk waɗanda ya faranta wa rai. Maman 'Yan Biyu, Allah ya ba ki dangana. Na yi miki ƙarya a barandar asibiti, in kin hana ni ganin yaran ba zan ga laifinki ba.

Sai ke, Inna. Na san za a karanta miki wannan. Ranar da muka dawo daga kai shi, kin riƙe hannuna kina kuka, kika ce ashe har ya tafi sakamakon gwajina bai fito ba, ni kuma na ce eh. Ya fito, Inna. Tun yana da rai ya fito, kuma ya dace. Allah ya ba ki haƙurin rashin ɗan da kika binne, ya ba ki haƙurin zama da wanda ya rage miki.