Irin Gamba Daga Maƙabarta

Jiya na ga wata yarinya tana shara da tsintsiyar garmani, sai kakata ta faɗo mini a rai. Da tana nan, da tsintsiyar ta sha wuta.

In ba ka san garmani ba, ɗan tsiro ne mai furen rawaya. Dabba ba ta cinsa sai dole, kuma inda ya zauna ciyawa ba ta sake ɗaga kai. Ina ƙarama ya cinye makiyayar ƙauyenmu, nan kusa da Matamaye. Ƙasa ta ƙeƙashe, ruwan sama ya riƙa wucewa a guje yana cika tabki da rairayi. Mazan gari sukan sare shi bayan girbi, ya riga ya yi 'ya'ya, su jawo shi har gida. Ashe shuka shi suke yi a hanya!

Kakata na da jar saniya guda. Da ta rame har haƙarƙari ya fito, babana ya ce a kai ta kasuwa.

"Ba ni damina biyu," in ji tsohuwar.

Ta san tuge garmani ake yi yana fure. Amma me za a shuka a gurbinsa? Gamba da ƙyasuwa, ciyayin da dabbobi ke so, sun ɓace ko'ina sai a maƙabarta, inda ba a kiwo. A garinmu kuwa ko tsinke ba a ɗaukowa daga can, mace ma ba ta shiga. Sai ta tafi wurin liman.

"Allah gafarta Malam, na kwance ba sa kiwo. Na tsaye ne ke jin yunwa."

Washegari liman ya shiga maƙabartar da kansa, ya yi wa mamata addu'a, ya zago mata iri cikin ƙwarya.

Da ruwa ya sauka muka tuge garmanin, muka haƙa ramuka don su tare ruwa, muka watsa irin. Matan da suka fara yi mata dariya su ne suka biyo ta da fartanya. Saniyar kuwa da dusa da harawa aka lallaɓa ta. A damina ta biyu gamba ta wuce kaina.

Yanzu ma'aikatan gona kan zo da iri a buhu, suna koya mana aikin. Nakan saurara da ladabi, amma ba zan ɓoye ba, kaina kumbura yake yi. Saniyar nan ba ta taɓa ganin kasuwa ba. Nonon da aka dama wa 'ya'yana fura da shi yau, daga zuriyarta aka tatso.